Daga Fas Zuwa Marzuga: Kwanan Tanti Da Kallon Taurari A Saharar Maroko

Asalin tafiyar ta ziyara ce. Kawuna, wan mahaifiyata, ya daɗe da ƙudurin zuwa birnin Fas ya ziyarci zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani. Da 'ya'yansa suka haɗa masa guzuri, sai aka ce ni in raka shi tunda ina ɗan taɓa Larabci da Faransanci. Ni kuma ina da tawa buƙatar, wato in kwana a irin tantunan alfarmar nan da ake kafawa a bakin rairayin Marzuga domin kallon taurari. Da gangan na tsayar mana da tsakiyar Disambar 2023, saboda wata zai ɓuya wajen 12 ga wata, kuma a dararen 13 da 14 ne ake samun ruwan taurarin nan na kowace shekara da masana suke kira Geminids. A gida an ɗan nuna damuwa saboda girgizar ƙasar da aka yi a Maroko ranar 8 ga Satumba, wadda ta kashe kusan mutum 3,000. Sai da na baje taswira na nuna wa iyayenmu mata cewa abin ya faru ne a duwatsun kudu da Marrakesh, nesa da hanyar da za mu bi, sannan suka sa mana albarka.

Biza a Abuja muka samo ta, jirgi kuma a Legas muka hau, ya sauke mu a Kasabalanka bayan wajen awa huɗu da rabi. Tashar jirgin ƙasa a ƙarƙashin filin jirgin saman take. Muka shiga gari, muka canza wani jirgin, kafin magariba muna Fas. A lokacin agogonsu ɗaya ne da namu, amma rana ba ɗaya ba ce. Kawu ya tashi ƙarfe biyar kamar yadda ya saba, ya yi alwala ya zauna jiran kiran salla, bai ji ladan ba sai da bakwai ta kusa. Rana kuwa sai bayan takwas ta leƙo.

Kwanakin Fas na Kawu ne, kuma labarinsu daban ne. Masaukinmu wani tsohon gida ne mai tsakar gida da famfon ruwa a cikin tsohon birni, inda mota ba ta shiga, sai jakuna da alfadarai da masu kura. Kullum muna zawiya daga la'asar har isha, cikin 'yan Senegal da 'yan Mali da 'yan uwanmu na Kano da Damagaram. Shehun ya rasu a 1815, kabarinsa yana nan cikin zawiyar. Ranar da Kawu ya fara tsayawa a gabansa na ga hawaye yana bin gemunsa, sai na ja baya na ba shi wuri.

A nan Fas ɗin na kawo masa maganar hamada. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, mu da rairayi yake cinye mana gonaki a arewacin Daura, kai kuma kuɗi za ka biya a kai ka ka kwana a cikinsa?" Na ce, "Kawu, ba rairayin ba ne, taurari ne. An ce a can ana ganinsu yadda kuke ba mu labarin kuna gani kuna yara." Ya yi shiru. Kawu yana cikin ragowar malaman ƙauye da suka haddace lissafin taurari ashirin da takwas, kowanne da kwanansa goma sha uku, kuma har yau manoman garinsu wurinsa suke zuwa tambayar ko shuka ta yi. Da safe shi ya riga ni ɗaure jaka.

Daga Fas zuwa Marzuga tafiyar wajen kilomita 470 ce. Akwai bas ɗin dare, amma na fi so mu ga hanya, sai mai masaukinmu ya haɗa mu da wani direba da zai kai wasu mata da miji 'yan Sifen. Muka biya dirhami 450 kowannenmu. A lokacin dirhami 10 ne kusan dala ɗaya, dala kuwa ta haura naira 1,000 a kasuwar bayan fage, don haka duk abin da na saya sai na ji shi a ƙirji.

Mun tashi da sauran duhu. Abin da ban shirya masa ba shi ne kafin a kai ga hamada sai an hau duwatsun Atlas, inda sanyi yake da gaske. A Ifran muka tsaya shan shayi. Gari ne da Faransawa suka gina a 1929, a tudun da ya haura mita 1,600, gidajensa masu jan rufi mai tsini saboda dusar ƙanƙara ta riƙa zamewa. A nan ne aka taɓa auna sanyi mafi tsanani a tarihin Afirka, digiri 23.9 ƙasa da sifiri, a 1935. Raɓa ta daskare a kan ciyawa ta yi fari. Kawu ya sunkuya ya taɓa ta da yatsa, ya miƙe ya ƙara naɗe rawaninsa har hanci, bai ce komai ba. Gaba kaɗan, a dajin itatuwan arzu na kusa da Azru, birai ne a bakin titi suna jiran masu mota su miƙo gyaɗa.

Shingen jami'an tsaro kusan a bakin kowane gari akwai shi. Direba yakan rage gudu tun daga nesa, ya tsaya cak a gaban allon, sai jandarma ya ɗaga hannu sannan ya wuce. Wani wuri suna riƙe da na'urar auna gudu. Sau ɗaya aka karɓi fasfonmu, a hanyar shiga Rashidiyya. Jami'in ya duba, ya ga Najeriya, ya tambayi Kawu ko Fas ya je ziyara. Da Kawu ya ce e, sai ya mayar masa da fasfon da hannu biyu ya ce ya sa shi a addu'a. Ban ga direbanmu ya dunƙula wa kowa komai ba tun daga Fas har Marzuga. Na tuna yadda direbobinmu suke tanadar canji a gaban mota kafin su kama doguwar hanya, abin ya dame ni har muka yi nisa.

A Midalt, garin tuffa, muka ci abincin rana: tajin na naman rago da busasshen 'ya'yan itace, a cikin kaskon yumɓu mai murfi kamar malfa, da gurasa mai kauri. Dirhami 70 kwano. Kawu bai yarda da zaƙi a cikin nama ba, ya ture 'ya'yan itacen gefe ya ciro yajinsa daga aljihu. Daga Midalt ƙasa ta fara bushewa. Muka bi kwazazzabon kogin Ziz, muka ratsa wani ɗan ramin dutse da sojojin Faransa suka haƙa a ƙarshen shekarun 1920, muka wuce madatsar ruwan Hassan Addakhil wadda ruwanta ya ja baya ƙwarai, domin ƙasar ta yi shekaru a jere tana fama da fari. Bayan Rashidiyya direba ya tsaya a wani tudu ya ce mu leƙa ƙasa. Kwari ne mai zurfi cike da itatuwan dabino, kore shar, ya miƙe iya ganin ido, ga garuruwan jar ƙasa manne a gefensa, sama da su kuma dutse ne tsurarsa babu ko ciyawa. Wannan shi ne yankin Tafilalt, mahaifar dabinon majhul.

A Risani na roƙi direba ya ɗan dakata. A gefen garin ne kufan Sijilmasa yake, birnin da aka kafa a shekara ta 757, wanda ya yi ɗaruruwan shekaru yana zaman tashar ayarin da suke ƙetare Sahara da gishiri da tufafi su komo da zinare da bayi. Daga nan Ibn Battuta ya tashi a 1352 ya nufi Mali, a hanyarsa ta komowa ya biyo ta Takedda a ƙasar Nijar ta yau, har ya ambaci Gobir cikin wuraren da ake kai tagullar garin. Yanzu abin da ya rage guntayen bangon ƙasa ne, iska tana ci. Da na yi wa Kawu wannan bayani, sai ya juya ya fuskanci kudu ya ce, "To ashe hanyar gida ce wannan." Ya karanta fatiha ga waɗanda suka bi ta ba su kai ba.

Tun daga nesa ake hango tuddan rairayin, waɗanda ake kira Irg Shabbi. Ƙasar da ke kewaye baƙar tsakuwa ce shimfiɗe, sai kawai ka ga jan rairayi ya tashi sama, wasu tuddan sun kai mita 150. Tsawonsu daga arewa zuwa kudu bai kai kilomita 30 ba, faɗinsu kuma 'yan kilomitoci ne, bayansu kaɗan iyakar Aljeriya ce. Wanda ya san hamadar Tenere ta Nijar zai ce wannan ɗan yanki ne, kuma gaskiyarsa. Sai dai a nan kwalta tana kai mutum har bakin rairayin, shi ya sa duniya take tururuwa.

A wani gida a bakin gari aka karɓe mu da shayin na'ana'a, aka ɗauki jakunkunanmu a mota, mu kuma aka ce raƙuma za su kai mu. Masu jan raƙuman samari ne 'yan ƙabilar Ait Khabbash, Barbarawan yankin, waɗanda iyayensu makiyaya ne kafin fari da rufe iyaka su zaunar da su. Kawu ya zagaya raƙumin da aka ba shi, ya duba ƙafafunsa da tozonsa, ya ja igiyar sirdin ya ga ta yi sako-sako, ya ɗaure ta da kansa. Yaron ya yi dariya ya ce da Larabci, "Alhaji ya san raƙumi." Kawu ya ce tun yana yaro Buzaye suke sauka da gishirin Bilma a ƙofar gidansu. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Muka tsaya a kan wani tudu rana tana faɗuwa, rairayin ya koma ja wur, inuwar raƙuman ta miƙe har gindin tudu na gaba. Abin da ya ɓata mini wannan lokaci shi ne babura masu ƙafa huɗu da 'yan yawon buɗe ido suke haya, suna ta kurɗawa da ƙara suna tayar da ƙura. Wurin da mutum ya zo nema don shirunsa bai kamata a bar su suna shiga ko'ina ba.

Sansanin yana bayan tuddan, a gefensu. Yaron ya ce da can tantuna a tsakiyar rairayin suke, a 2019 hukuma ta tashe su saboda shara da ƙazantar ruwa, aka mayar da su baki-baki. Tantuna farare ne a jere biyu, an shimfiɗa dardumai ja tun daga ƙofar shiga har wurin cin abinci, fitilun ƙarfe masu huda-huda a kowane gefe. Da aka ɗaga mana labulen namu sai na tsaya. Gadaje biyu ne na katako da katifu masu kauri, barguna uku-uku, fararen zannuwa, kilishi ya rufe ƙasa duka, ga wurin cajin waya, ga ɗan hita a lungu. Bayan wani labule kuma banɗaki ne sosai, da masai na zama da shawa da madubi. Wutar duka ta sola ce. Kuɗin kwana ɗaya na mu biyu, haɗe da raƙuma da abincin dare da na safe, dirhami 2,400. Ban gaya wa Kawu adadin ba sai da muka dawo gida.

Shi abin da ya tsaya masa a rai ruwa ne. Ya buɗe famfo ya ga ya zubo, ya rufe da sauri, ya fita ya nemo ma'aikacin ya tambaye shi daga ina. Aka ce da tanka ake kawowa daga rijiya a cika manyan randunan roba a bayan tantuna. Kawu ya ce a ba shi buta. Da ita ya yi alwala, da bokiti ɗaya ya yi wanka, ni ma ya hana ni sakin shawa. Na ga dacewar hakan, domin mun ga madatsar ruwa a hanya, kuma sansanoni irin wannan suna da yawa a gefen tuddan, kowanne da banɗaki a kowane tanti. Mutanen ƙauyukan wurin kuwa har yau da tsofaffin magudanan ƙarƙashin ƙasa suke shayar da 'yan gonakinsu, kowane gida da sa'o'in da ruwa yake zuwa masa. Ruwan zafin ma bai zo ba a daren, sai da safe aka gyara.

Mun yi magariba da isha a kan rairayi tare da ma'aikatan, Kawu ya ja mu. Alƙibla a nan gabas ce ta ɗan karkata dama, saɓanin gida da muke karkata hagu. Abincin dare ya zo kashi-kashi: miyar harira mai wake da tumatir, ƙananan kwanoni na zaitun da gasasshen gauta, tajin na kaza da lemon tsami, sai lemo da aka yayyanka aka barbaɗa masa kirfa. Bayan nan aka hura wuta a fili, samari suka ɗauko ganguna. Kawu ya koma tanti da carbinsa, ya ce in kira shi idan an kashe fitilu.

Wajen ƙarfe goma aka kashe komai. Mai nuna taurarin, wani matashi da ya yi karatu a Rashidiyya, ya ce kowa ya sa wayarsa a aljihu, domin ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma hasken waya na daƙiƙa ɗaya yana rushe wannan. Shi jar tocila yake riƙe da ita. Ya jagorance mu muka hau wani tudu bayan sansanin, inda aka shimfiɗa dardumai da matasai, kowa da bargonsa. Sanyi ya sauko kusa da sifiri, rairayin da ke da ɗumi da yamma yanzu yana cizon tafin ƙafa.

Na kwanta rigingine. Da farko manyan taurarin da na sani kawai nake gani. Can sai ƙanana suka fara fitowa a tsakaninsu, sannan waɗanda suka fi su ƙanƙanta, har sama ta cika ta rasa wurin da babu komai. Taurarin suna saukowa har bakin ƙasa ta kowane gefe, ba sa dushewa a ƙasa-ƙasa yadda muka saba. Wani farin zane mai kama da hayaƙi ya ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan. Matashin ya ce tarin taurarin da ranarmu take cikinsu ne muke kallo ta gefe, kuma wai a watannin zafi ɓangarensa mai kauri yake fitowa, na hunturu siriri ne. Ni sirin ma ya ishe ni. Na girma a Kano, kuma ko a daren da babu wuta akwai janareto da fitilun sola da hayaƙi, a Disamba kuma ga hazon da iska take kwasowa daga ƙasar Chadi. Ban taɓa sanin haka sama take ba. Sai a lokacin na gane cewa gado da kilishi da shawa duk ƙari ne, duhun nan shi ne abin da muka biya.

Matashin ya fara nuni da koren haske mai tsini, yana faɗin sunaye da Faransanci da Turanci. Ya nuna wani ɗan cincirindo a tsakiyar sama. Kafin ya buɗe baki Kawu ya ce, "Kaza da 'ya'yanta. Surayya ke nan." Matashin ya juyo. Kawu ya ɗaga sandarsa ya bi layi zuwa gabas: jan nan Dabaran ne, ƙananan ukun can da suka haɗa kai Haƙa'a, gaba da su Hana'a, biyun can masu haske Zira'a. Matashin ya zo ya durƙusa kusa da shi ya ce, "Alhaji, a ina ka karanta falaki?" Kawu ya ce a zaure, wurin mahaifinsa, da baitoci ake haddace su. Sai dai ya ce a gida yawanci lissafinsu ake yi da kwanaki, ba kowa ne cikin masu lissafin zai iya nuna su a sama ba, shi ma tsohonsa ne yakan tashe shi da asuba ya nuna masa.

Na tambaye shi abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Na ce, "Kawu, ai Haƙa'a da Hana'a da Zira'a taurarin damina ne, yaya muke ganinsu a tsakiyar hunturu?" Ya ce, "Ɗan nan, idan an ce tauraro ya shiga, ai rana ce ta sauka a unguwarsa. Lokacin nan ba ka ganinsa da dare, sai dai ya ɗan leƙo gabanin fitowar rana. In ka gan shi tsakar dare a kanka, to damina tana can nesa da wata shida." Na fassara wa matashin, ya ce daidai abin da ke cikin littattafansu ke nan, ya juya ya fassara wa 'yan Sifen ɗin da wasu Jamusawa. Daga nan zaman ya koma na mutum biyu, ɗaya yana faɗin nisan tauraro da girmansa, ɗaya yana faɗin ruwan da ake yi a kwanakinsa da abin da ake shukawa.

Abu biyu ne suka ba Kawu mamaki. Tauraron arewa, wanda a gida yake can ƙasa kusa da kan bishiyoyi, a nan ya hau sama sosai. Matashin ya ce tsayinsa daga ƙasa daidai yake da nisan wuri daga layin da ya raba duniya arewa da kudu: a Kano digiri 12, a Marzuga 31. Na biyu kuma Suhailu, wanda Kawu ya saba gani ya tashi sosai a kudu, a nan sai can tsakar dare ya ɗan ɗago kaɗan a kan tuddan. Kawu ya ce da haka ke nan madugai suke sanin sun yi arewa ko sun yi kudu. Shi'ira kuwa, wadda aka ambata da suna a Suratun Najmi, ta fi kowane tauraro haske, tana walƙiya fari da shuɗi. An ce haskenta yana shekara takwas da 'yan watanni kafin ya iso mu.

Sannan aka buɗe madubin hangen nesa, wani ƙaton bututu a kan ƙafafu uku. An riga an nuna mana Zuhalu (Saturn) da zobensa tun da farkon dare kafin ya faɗi. Yanzu aka saita Mushtari (Jupiter). Na sa ido na ga farin faifai mai ratsi biyu, da ɗige-ɗige masu haske a jere a gefensa, watanninsa ne da masanin falaki Galileo ya fara gani a 1610. Kawu ya cire hularsa ya sunkuya, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya ce, "Tabarakallahu. Shekara saba'in ina kallonsa ban san yana da iyali ba." Matashin ya kuma nuna mana wani ɗan dishi-dishi da ake gani ko babu madubi, ya ce wani tarin taurarin ne daban mai suna Andromeda, haskensa ya yi shekara miliyan biyu da rabi a hanya.

Ruwan taurarin ya fara tun muna hawa tudun, jefi-jefi, amma bayan sha biyu ya yi ƙarfi. Ta ko'ina suke tsagawa, wasu gajeru, wasu dogaye masu barin sawu, wani kore, wani rawaya, kuma idan ka bi sawunsu baya duk daga wajen Zira'a suke fitowa. Matashin ya ce ɓurɓushin wani dutse ne mai suna Phaethon da yake zagaya rana, duniya takan ratsa ta cikinsu kowace Disamba, yawancinsu ba su wuce ƙwayar tsakuwa ba, gudu ne yake ƙona su a sama. Turawan suna ihu duk lokacin da babba ya wuce. Kawu tasbihi yake yi. Wani sansani da ke kudu da mu ya bar wata babbar fitila a kunne har wajen ƙarfe ɗaya, ta cinye mana wannan gefen na sama, sai da aka aika yaro ya roƙe su suka kashe. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka gudu saboda sanyi. Mu biyu da matashin muka rage, aka kawo mana shayi a buta, har yatsuna suka daina jin kofin sannan na lallashi Kawu muka sauka.

Barcin bai yi tsawo ba. Hitar ta mutu cikin dare da batir ya yi ƙasa, bargunan ne suka cece mu. Da muka fito alwalar asuba Gamzaki yana gabas, shi kaɗai ya isa ya sa mutum ya tsaya. Bayan salla na hau tudu kallon fitowar rana, na ga sawun ƙananan dabbobi da ƙwari ya zane rairayin ko'ina, har da na yanyawa a bayan tantin girki. Karin kumallo ya haɗa da wainar fulawa mai ninki da zuma, ƙwai, zaitun, cuku da lemon da aka matse. Da za mu tafi, matashin ya kawo littafinsa ya roƙi Kawu ya jero masa taurarin ashirin da takwas yadda ake faɗinsu a ƙasar Hausa. Kawu ya karɓi biron ya rubuta masa da ajami, ya raba su bakwai-bakwai, bazara da damina da kaka da hunturu.

Mota ce ta fitar da mu. Kafin mu kama hanya aka biya da mu Khamliya, wani ƙauye 'yan kilomitoci kudu da Marzuga. Mutanensa baƙaƙe ne kamarmu, Ginawa, jikokin waɗanda aka ƙetaro da su Sahara a zamanin bauta. A wani ɗaki suka zaunar da mu suka ba mu shayi, suka fito cikin fararen riguna da rawuna, da manyan ganguna da ƙarafan da ake kaɗawa a hannu, da wani abin kiɗa mai tsirkiya uku ɗan'uwan molo. A 2019 hukumar UNESCO ta sa kiɗan nasu cikin kayan gadon duniya, kuma masu bincike suna danganta wasu al'adunsu da bori. Kawu ba mai sauraron kiɗa ba ne, amma bai tashi ba. Da aka gama wani dattijonsu ya tambaye mu ƙasarmu. Da ya ji Hausa sai ya riƙe hannun Kawu, ya ce a cikin waƙoƙin da suka gada ana kiran Bambara, ana kiran Fulani, ana kiran Hausa, amma shi bai taɓa zama da Bahaushe ba sai yau. Ya ce Kawu ya yi masa magana da harshenmu ya ji. Kawu ya gaishe shi, ya tambaye shi iyali da gajiya da sanyi, ya yi masa addu'a, dattijon yana ta cewa amin ko da bai fahimci ko kalma ɗaya ba.

A Risani muka ci madfuna, gurasa ce da ake cusa wa nama da albasa da kayan ƙamshi a gasa, ɗaya ta ishi mutum uku. Muka shiga kasuwa muka sayi dabinon majhul na tsaraba, dirhami 80 kilo bayan dogon ciniki, Kawu yana ɗanɗana na kowane mai tebur kafin ya yarda. Da yamma muka hau bas ɗin dare zuwa Fas, daga can jirgin ƙasa zuwa Kasabalanka. A filin jirgi kayanmu suka haura nauyin da aka yarda saboda dabinon da littattafan da Kawu ya saya a Fas. Na ce a rage dabino, ya ce almajiransa da maƙwabta sun san ya tafi, ba zai shiga gari hannu rabbana ba. Muka kwashe littattafan muka zuba a jakar hannuna, na biya kuɗin ragowar kilo uku.